"Wanka aka yi mata ke nan?" Fashin baƙi kan abin da ya raba Kiristocin Zariya

Bara da kaka aka kawo kuɗin gaisuwar 'yar yayata. Yaron mai hankali ne, malamin makaranta a Samaru, iyayensa masu bi ne tun kaka da kakanni, kuma babu wanda ya ga aibinsa a gidanmu. Magana ta tafi lafiya lau har ranar da su biyun suka je ganin faston cocin su yaron. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya yi musu addu'a, sannan ya tambayi yarinyar ko an yi mata baftisma. Ta ce an yi mata tun tana jaririya. Ya ce to, aure za a ɗaura, amma in tana so ta zama cikakkiyar 'yar ikilisiyarsu, ta riƙa cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da masu bi ke ci tare a sujada, tare da mijinta, sai ta shiga aji a nutsar da ita cikin ruwa da saninta.

Da labari ya iso gida, mahaifiyarmu, wadda ta haura tamanin, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ɗago ta ce, "To ita wadda aka yi mata a Wusasa, ina rungume da ita, wanka aka yi mata ke nan?"

Tun ranar tambayar nan ba ta bar raina ba. Faston bai yi laifi ba, abin da ɗarikarsa ta gaskata ya faɗa, da ladabi kuma. Mama ma ba ta yi laifi ba. Ga mutum biyu masu tsoron Allah, Littafi ɗaya a hannunsu, sunan Ubangiji ɗaya suke kira, amma abin da ɗaya yake riƙe da shi da daraja ɗayan bai lissafa shi ba. Muna yawan cewa Kirista ba su da haɗin kai, mu yi tsaki mu wuce, kamar duk rabuwar iri ɗaya ce. Ba iri ɗaya ba ce. Wata gadonta muka yi ba tare da mun zaɓa ba, wata ta koyarwa ce ta gaske, wata kuma kujera ce da kuɗi da ƙabila aka sa musu rigar koyarwa. Wanda ya cakuɗa su zai riƙa ba mai ciwon kai maganin ciwon ciki.

Ta gadon ita ce ta fi yawa, kuma ita ce aka fi mantawa da asalinta. A 1900 ne tawagar mishan ɗin Angilika ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, har da Likita Walter Miller a ciki, ta isa Kano. Sarki Alu ya sallame su, suka juyo suka ya da zango a Girku. A 1905 Miller ya samu zama cikin birnin Zazzau, a 1929 kuma aikin ya koma Wusasa, gindin dutsen Kufena, inda aka gina cocin Bartalamawus da ƙasa irin ginin Hausa, ga makaranta ga asibiti. Daga wannan ɗan ƙaramin gari aka samu Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Duk wanda ya karɓi bangaskiya a Wusasa a wancan zamani ɗan Angilika ya zama, don ita ce ƙofar da ke buɗe. Ba wanda ya ajiye masa ɗariku biyar ya ce zaɓi.

Haka abin yake a ko'ina. Turawan mulki sun taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulunci, don haka yawancinsu suka nufi sauran ƙabilu. A 1910 'yan mishan suka taru a Lakwaja suka daidaita kan kada wani ya shiga gonar wani. Mishan ɗin SIM ta zauna a wurare irin su Kwoi da Kagoro, daga cikinta ECWA ta fito a 1954. Rassan mishan ɗin SUM suka bazu a Filato da Binuwai da Numan, suka haifi COCIN da cocin Lutheran da sauransu. 'Yan mishan ɗin cocin 'Yan'uwa suka sauka a Garkida a 1923, daga cikinsu EYN ta yau ta fito. Fadan Katolika kuwa, da ba sa cikin wannan yarjejeniya, suna Shendam tun 1907. Kenan ɗarikar mutum ta zama kusan ɗaya da sunan garinsu. Ka ji ƙauyen mutum, sau da yawa ka san cocinsa.

To Zariya mahaɗa ce. Layin dogo da ya ratsa ta ya isa Kano a 1911 ya cika Sabon Gari da Yarabawa da Ibo, kowa da cocinsa da harshensa. Barikin soja, da makarantu, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, suka jawo mutane daga kowace kusurwa. Iyakokin da aka shata a taswira don su nisanta mishan da mishan sai ga su duka sun taru a layi ɗaya a Muchiya ko Palladan. Abin da ke ba ni tausayi a tarihin nan shi ne HEKAN. An kafa ta a Kaduna ne musamman don ta tattara 'ya'yan ikilisiyoyin TEKAN, wato tarayyar cocin da suka fito daga SUM da 'Yan'uwa, waɗanda aiki ya kawo birni, su yi sujada a inuwa ɗaya. Daga baya kowace uwa ta biyo 'ya'yanta birni ta kafa nata reshe, HEKAN ta zama ɗarika ɗaya cikin sauran.

Wannan irin rabuwa ba ta cancanci ɗigon fushi ko ɗaya ba. Ɗan COCIN da ɗan HEKAN da ɗan ECWA, in ka zaunar da su ka ce kowa ya faɗi abin da ya gaskata game da Allah da ceto da Littafi, za ka sha wuya kafin ka samo inda suka saɓa.

Amma ta koyarwa daban take, kuma ba na tare da masu cewa a share ta kawai a rungumi juna. Wanda ya ce bambancin ba komai ba ne, bai saurari kowane ɓangare ba. Ɗauki baftismar da ta shigo gidanmu. Katolika da Angilika da Methodist da Lutheran suna yi wa jarirai. Hujjarsu ita ce alherin Allah ne yake fara zuwa kafin mutum ya iya amsawa, yadda ake yi wa ɗan Isra'ila kaciya a rana ta takwas bai san komai ba, kuma a Ayyukan Manzanni sura 16 an yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta, haka ma mai tsaron kurkukun Filibi. In yaro ya girma sai ya shiga aji, bishop ko fasto ya ɗibiya masa hannu, ya amsa da bakinsa alkawarin da aka ɗaukar masa. 'Yan Baftis da ECWA da yawancin cocin Fentikos kuwa sun ce tuba da bangaskiya su ne a gaba, baftisma ta biyo baya, kamar yadda Bitrus ya faɗa a ranar Fentikos, kuma nutsarwa cikin ruwa ita ce ke nuna binnewa da tashi tare da Almasihu da Bulus ya bayyana a Romawa sura 6. Nan gizo ke saƙar: a idon Mama, abin da ake nema shi ne a sake baftisma, wanda daidai yake da cewa Allah bai yi komai ba a karon farko. A idon faston kuwa ba sakewa ba ce, ita ce ta fari. Kowa cikinsu biyayya yake ƙoƙarin yi.

Ba mu ne muka fara karo da wannan dutse ba. A 1982, a birnin Lima na ƙasar Peru, masana tauhidi daga ɗariku masu yawa suka fitar da matsaya kan baftisma da Jibi da naɗi. Sun roƙi masu nutsar da manya su guji duk abin da za a ɗauka sake baftisma ne, suka kuma roƙi masu yi wa jarirai su daina yin ta barkatai ba tare da kula da tarbiyyar yaron cikin bangaskiya ba. Kowane ɓangare an taɓa masa inda yake masa ciwo, kuma a ganina gaskiya aka faɗa wa duka biyun. Na san yara da yawa da aka yi wa baftisma a tsumman goyo, iyayen ba su sake taka ƙofar coci ba sai ranar aurensu.

Jibin Ubangiji ya fi wannan nauyi. Katolika sun gaskata gurasar da ruwan inabin suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu, kuma cin Jibi tare alama ce ta cewa an riga an zama ɗaya cikin bangaskiya, don haka ba sa buɗe teburin ga kowa. Wasu ɗarikun kuwa tunawa suka ɗauke shi. Idan ka je jana'iza a cocin Katolika aka yi sanarwa cewa Jibi na 'yan Katolika ne, ba wulaƙanci ake nufi ba, ko da yake na san yana sosa rai. Ya kamata a kuma sani cewa Katolika sun amince da baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a yawancin sauran ɗariku. Kuma tun 1970, a auren ɗan Katolika da wanda ba ɗan Katolika ba, shi ɗan Katolikan ne ke alkawarin yin iya ƙoƙarinsa ya tarbiyyantar da 'ya'ya a cocinsa, ɗayan sanar da shi kawai ake yi. Aure nawa ya lalace a garin nan saboda dangi suna aiki da labarin da ya tsufa?

Irin wannan saɓani yana warkewa, amma tafiyar hawainiya yake yi. Gardamar da Martin Luta ya tayar a 1517 kan yadda mai zunubi yake samun kuɓuta a gaban Allah, sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a birnin Ogsbog na Jamus cewa sun yarda a kan ginshiƙanta, Methodist suka bi sahu a 2006. Kusan shekara ɗari biyar. Ba fasto ɗaya a Samaru ne zai warware ta baftisma a ofishinsa ba, kuma zalunci ne a ɗora masa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da muka ɗaga muka kai su matsayin koyarwa: ɗankwali, ɗan kunne, wando ga mace, kiɗa da rawa a sujada, addu'a da ƙarfi ko a natse. Romawa sura 14 ta gama da wannan tun tuni. Mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kada ya hukunta mai ci.

Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta kujera. Ka bincika cocin da ya tsage biyu a unguwarku cikin shekarun nan, ka tambayi dattawan da suka san ciki. Da wuya ka ji an ce a kan Triniti aka rabu. Za ka ji an yi zaɓen dattawa wata ƙabila ta kwashe kujeru. Za ka ji an yi wa fasto canjin wurin aiki ya ƙi tafiya. Za ka ji kuɗin gini, ko baiko da ba a karanta lissafinsa ba, ko mataimakin fasto da ya fita da rabin 'yan kwaya ya kama shago a bakin titi ya kafa allo. Bayan an rabu ne ake nemo aya a jingina. Wannan ba saɓanin fahimta ba ne, zunubi ne, kuma sunansa ya kamata a kira shi da shi.

Har manyan yunƙuri wannan cuta ta kayar. Angilika da Methodist da Presbyterian na Nijeriya sun shafe shekaru suna shiri, aka tsayar da watan Disamba na 1965 don su narke su zama ikilisiya ɗaya, irin yadda aka yi a Kudancin Indiya a 1947. Ana dab da ranar wasu ikilisiyoyin Methodist a Legas suka garzaya kotu, batun kadarori da shugabanci ya taso, aka ɗage bikin. Wata guda bayan haka sojoji suka yi juyin mulki, yaƙi ya biyo baya, maganar ba ta sake tashi ba.

Ita ma ƙabila tsohuwar cuta ce. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar Urushalima tana jaririya, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru don kada a ɓata zumunci ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato aka damƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Ina cocin da zai iya wannan a Zariya yau? A nan dole in faɗi abin da Masihiyawa, wato Hausawa da Fulani masu bi, suka daɗe suna faɗa a ƙasa-ƙasa. Bahaushe Kirista daga ƙauyukan Giwa ko Soba ko Ikara yakan shiga coci a birni, da harshensa ake wa'azi, da harshensa ake waƙa, amma a riƙa kallonsa kamar baƙon da ba a gama yarda da shi ba. A waje ana ce masa ya bar addinin iyayensa, a ciki ana ce masa "ku Hausawa". Wanda ya sha wannan, in ka zo masa da wa'azin jiki ɗaya gaɓoɓi da yawa, sai ya dube ka kawai.

Akwai wanda zai ce ai muna da CAN, Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya. Gaskiya ne, tun 1976 take, da rukunanta biyar: Katolika, da Majalisar Kirista ta Nijeriya inda su Methodist da Baftis suke, da 'yan Fentikos, da cocin da aka kafa a Afirka irin su Kerubim da Serafim, da TEKAN tare da ECWA. Ta yi amfani, ba na musu. Amma an gina ta ne don Kirista su yi magana da gwamnati da murya ɗaya, ba don su sasanta abin da ke tsakaninsu ba, kuma siyasa ta sha shiga cikinta, har a farkon 2013 aka ji bishop-bishop na Katolika sun janye jiki daga harkokinta na ƙasa na wani lokaci.

Mu a Zariya mun san lokacin da muke zama tsintsiya. A watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso nan, aka ƙona coci-coci masu yawa, wutar ba ta tambayi ɗarika ba. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, bam ya tashi a babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari, wani ya tashi a cocin ECWA a Wusasa. A ranakun nan ba wanda ya tambayi wani irin baftismar da aka yi masa kafin ya ba shi jini a asibiti. Na gode wa Allah da wannan. Sai dai haɗin kan da tsoro ya ƙulla, ƙura na lafawa yake kwancewa. Yana kuma da mummunar fuska: a ranar ta 2012, a Kaduna, ramuwar gayya ta ci rayukan Musulmin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Haɗin kan da sai an samo abokin gaba yake tsayawa ba shi ne Yesu ya roƙa ba a Yohanna sura 17. Shi ya roƙa su zama ɗaya domin duniya ta gaskata, kuma duniyar da ke kallonmu a nan maƙwabtanmu ne, wasunsu ma 'yan'uwanmu na jini, don gidaje da yawa a Wusasa akwai coci akwai masallaci a cikin zuri'a ɗaya.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne akwai wani haɗin kan da ya daɗe yana aiki ba tare da an yi masa taro ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, wanda Miller ya yi wa aiki tare da 'yan wasu mishan da Hausawan da suka san harshen, shi ya ba mu kalmomi ɗaya na addu'a daga Zariya har Numan. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, tun shekarun 1960, ta haɗa 'yan ɗariku daban-daban suna fita bishara tare. Ɗalibai a FCS, ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista wadda ta faro a Gindiri a 1957, sukan shekara suna zumunta ba su san cocin juna ba. A jami'a a Samaru, 'yan ɗariku barkatai suna sujada a ɗakin sujada ɗaya, su yi shekara huɗu ko biyar, sai sun gama ne ake sake rarraba su. Uwa uba Zumuntar Mata. Je gidan makoki ka gani: zane kala-kala, kowace ƙungiya da nata, amma da ɗaya ta ɗaga waƙa sai duka su amsa, tukunya ɗaya suke dafawa, su ne za su kwana da matar mamacin. Zumunta a ƙafa take, kuma matan nan sun riga masu manyan riguna gane haka.

Saboda haka ni ba na jiran ranar da za a sauke alluna duka a kafa guda. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma yana hannun fastocin gari ɗaya. Wanda aka sa a horo a wannan coci kada ya tsallaka titi a ba shi kujerar dattijo ba tare da an tuntuɓi inda ya fito ba. A daina satar tumaki ana kiranta bishara, alhali ga ƙauyuka da ba su da ko mai bishara ɗaya. A karanta lissafin kuɗi a fili. Mai wa'azi ya faɗi abin da ɗarikarsa ta gaskata iya ƙarfinsa, amma in zai faɗi na wasu, ya faɗe shi yadda su da kansu za su ji su ce haka ne. Fastoci kuma su zauna su fitar da hanya sananniya ta auren 'yan ɗariku biyu, don kada kowane saurayi da budurwa su riƙa faɗawa ramin da na gabansu suka faɗa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka raba hanya, amma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus ɗin nan ne ya ce a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi.

An ɗaura auren 'yar yayata bayan Ista. Limamin cocinmu ya je, aka ba shi wuri a gaba, shi ya yi addu'ar sa albarka. Yarinyar ba ta shiga ajin ba. Ta ce ba za ta iya tsayawa a gaban jama'a ta yi abin da zai nuna ba a taɓa yi mata baftisma ba, mijin kuma bai matsa mata ba. Tana zuwa cocinsu, tana cikin 'yan kwaya, ranar Jibi kuwa faranti yakan wuce ta gabanta tana zaune. Sau ɗaya a wata sukan zo Wusasa tare.

Yanzu tana da ciki wata bakwai. Makon jiya surukarta ta zo gaishe da Mama, suka zauna a tabarma ɗaya suka daɗe suna hira. Da za ta tafi, Mama ta riƙe hannunta ta ce, "Maman yara, in Allah ya sauke ta lafiya, maganar ruwan nan za ta dawo. Gara ni da ke mu fara zama a kanta tun yanzu, kafin maza su ji." Suka sa ranar Alhamis, bayan an tashi daga Zumunta.